ZAUREN IYAYE MATA: Idan Ɗanki Na Son Aikin Wutar Lantarki

  A wannan wata hirarmu za ta karkata ne ga iyaye mata na gabashin Sakkwato, wato ƙasar Gobir, tun daga Isa da Sabon Birni har ƙauyukan da ke kewaye da kufan Alkalawa, duk da yake abin da za mu tattauna ya shafi duk wata uwa da ke da ɗa ko 'ya a makarantar sakandare. Maganar ita ce ta karatun aikin wutar lantarki: ina ake yinsa, shekara nawa yake ci, me ake nema kafin a shiga, kuma wace rawa uwa za ta taka tun yaro bai san inda ya dosa ba.

Me ya sa wannan sana'a?

Uwargida, ba sai an ba ki labarin halin da wuta ke ciki ba. An kafa NEPA a 1972, ta koma PHCN a 2005, sannan a 2013 aka sayar da ɓangaren rarraba wutar ga 'yan kasuwa, inda jihohin Sakkwato da Kebbi da Zamfara suka faɗa ƙarƙashin kamfanin da ke Kaduna. Duk da wannan sauye-sauye, akwai ƙauyuka da yawa a ƙasar Gobir da ba a taɓa kafa musu falwaya ba, inda aka kafa kuma wutar takan daɗe ba ta leƙo ba. Janareta ya zama shi ne madogara, har zuwa ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Manomin albasa da tattasai a fadamar Rima, wanda injin ban-ruwansa ke shan fetur kullum, shi ya fi kowa ji a jikinsa.

Wannan ya sa jama'a suka raja'a a kan wutar sola. Yau ita ke tayar da rijiyar burtsatse, ita ke riƙe firjin allurar rigakafi a asibitin karkara, ita ke haskaka masallaci, da ita mai cajin waya da mai sayar da ƙanƙara ke neman abinci. To amma kowane ɗaya daga cikin waɗannan kaya sai an samu wanda ya haɗa shi, kuma ranar da ya lalace sai an nemo mai gyara. Sau da yawa sai an aika Sakkwato ko Gusau ko Maraɗi, ga shi kuma halin da hanya ke ciki ya sa ba kowane ma'aikaci ke yarda ya zo ba. Ta haka burtsatsen da aka kashe wa kuɗi mai yawa kan yi watanni a tsaye saboda matsalar da ƙwararre zai warware cikin sa'a guda, mata da yara su koma ɗibar ruwa a gulbi. Ke nan ɗan gari wanda ya san aikin nan ba zai rasa mai nemansa ba.

Akwai kuma dalili na biyu, wanda ba ya da daɗin faɗa. Matsalar 'yan bindiga ta sa an kore shanun mutane, gonaki da yawa sun gagari masu su, tun daga 2019 dubban jama'a suka ƙetara zuwa jihar Maraɗi neman mafaka, a watan Satumbar 2021 kuma har layukan waya aka katse a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, ciki har da Isa da Sabon Birni. Duk wanda ya ga wannan ya san akwai dukiyar da ake korewa cikin dare ɗaya, akwai kuma wadda ke cikin kai da tafin hannu. Gobirawa ba baƙin ƙaura ba ne. Kakanninsu sun zauna Birnin Lalle, sun gina Alkalawa, bayan faɗuwarta a 1808 daga bisani aka kafa Tsibiri da Sabon Birni. A kowace tafiya, maƙeri da masaƙi da majemi ba su bar sana'arsu a kufai ba, da ita suka sauka a sabon wuri. Mai aikin lantarki haka yake: jakar kayan aikinsa a kafaɗa, kuma ƙarfin wutar gida kusan ɗaya ne a Nijeriya da Nijar, wajen bolt 230.

Ba kowa ne injiniya ba

A ƙasarmu duk wanda ya riƙe filaya da tasta sai ki ji ana ce masa injiniya. Amma hukumar COREN, wadda ke yi wa ma'aikatan injiniyanci rajista tun 1970, ta kasa su hawa huɗu. Akwai mai sana'ar hannu, wanda ya fito daga makarantar koyon sana'a ko ya ci gwajin sana'a. Akwai teknishiyan, mai ƙaramar difloma, wato ND. Akwai mai babbar difloma, wato HND. Sannan akwai injiniya mai digirin jami'a. A taƙaice, injiniya shi ke tsara aiki a takarda, shi kuwa teknishiyan shi ke karanta zanen, ya haɗa, ya gwada, ya gano inda cuta take idan abu ya tsaya, ya kuma kula da masu ja masa waya.

Sanin wannan bambanci na da amfani gare ki, domin kada a ruɗe ki da cewa yaron da ya yi wata shida yana riƙe wa wani tsani ya gama koyon aiki. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, a aikin wuta kuwa ƙaramin sani gobara ne. Wanda bai san dalilin da ya sa ake sa waya mai kaurin 1.5 a fitila, mai 2.5 a soket, mai 4 ko 6 a injin sanyaya ɗaki ko risho na lantarki ba, wata rana zai sa siririyar waya inda ake jan wuta mai yawa. Wayar ta yi zafi, robarta ta narke a cikin silin, mutanen gida suna barci.

Hanyar tana farawa ne daga aji uku

Kuskuren da iyaye suka fi yi shi ne jira sai lokacin cike JAMB kafin a tambayi yaro abin da yake son karantawa. A lokacin bakin alƙalami ya riga ya bushe, domin tun ranar da ya gama aji uku na ƙaramar sakandare aka raba hanya. Daga nan hanyoyi biyu ne a gabansa.

Ta farko, ya shiga ajin kimiyya a babbar sakandare. Abin da za a nema gare shi a ƙarshe shi ne kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi da fiziks da kyamistiri. A jarrabawar JAMB ma waɗannan huɗun zai rubuta. Yaron da ya bi abokansa ya tafi ajin adabi ko na kasuwanci saboda tsoron lissafi, ya rufe wa kansa wannan ƙofa ba tare da ya sani ba.

Ta biyu, ya shiga kwalejin fasaha, inda zai yi shekara uku yana koyon wayarin da gyaran kayan lantarki tare da darussan aji. A jihar Sakkwato an kafa irin waɗannan makarantu a Farfaru da Runjin Sambo cikin birni, da Binji, da kuma Bafarawa a ƙaramar hukumar Isa. Jarrabawar da ake rubutawa a ƙarshe ita ce ta NABTEB, hukumar da aka kafa a 1992, kuma takardarta ta NTC na da fuska biyu: yaro na iya fara aiki da ita, yana kuma iya neman foliteknik da ita idan ya samu kiredit ɗin da ake buƙata. Ga gidan da ba shi da tabbacin ɗaukar nauyin dogon karatu, wannan hanya ta fi kwanciyar hankali, domin ko a ina aka tsaya yaro na da abin yi a hannu. Sai dai kafin a kai yaro kowace makaranta, maigida ya je da ƙafarsa ya ga ko ana karatu a wurin, ko an mayar da ɗalibanta wani gari saboda tsaro, ya kuma leƙa ɗakin gwaji ya ga ko akwai kayan aiki. Gani ya kori ji.

Karatun foliteknik

Makarantun da suka fi kusa da mutanen wannan yanki su ne Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi a Sakkwato, da ta tarayya a Ƙauran Namoda wadda aka kafa a 1983, da ta Abdu Gusau a Talatan Mafara, da ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi. Can gaba akwai ta Hassan Usman a Katsina da kuma ta Kaduna. Masu dangi a tsallaken iyaka, waɗanda 'ya'yansu suka yi karatu da Faransanci, suna da makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, duk a Maraɗi. A halin da ake ciki, kusa ba ita ce kaɗai abin dubawa ba. A duba lafiyar hanyar da yaro zai riƙa bi, da kuma ko akwai ɗan'uwa ko amini a garin da zai sa masa ido.

Tsarin karatun shi ne shekara biyu na ND, sai shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a kamfani ko ma'aikata, sai shekara biyu na HND, sannan bautar ƙasa. A tsakiyar ND ɗin ma akwai wata huɗu na koyon aiki da ake kira SIWES, wanda hukumar ITF ke kula da shi. A aji za a koya masa lissafi, da zanen fasaha, da yadda mota mai juya famfo da janareta da taransifoma ke aiki, da haɗa ƙananan na'urorin da ke cikin rediyo da inbata, da auna wuta, da kwamfuta, a ƙarshe kuma ya ƙera wani abu da hannunsa a ba shi maki a kai.

Abubuwa uku nake so ki riƙe a nan. Na ɗaya, a tabbatar hukumar NBTE, mai hedikwata a Kaduna, ta amince da wannan kwas ɗin a wannan makarantar, domin amincewar kwas-kwas ake yi, ba makaranta ɗungurungum ba. Na biyu, a tabbatar gurbin ya biyo ta hannun JAMB, don kada a zo bautar ƙasa a ce ba a san da zamansa ba. Na uku, sakamako na da muhimmanci. Ana auna shi ne a kan maki 4. Wanda ya fita da ƙasa da 2.50 zai sha wuyar samun HND, wanda ya samu 3.00 zuwa sama kuwa yana iya neman shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Gaskiya ne masu HND sun daɗe suna kukan ana fifita masu digiri a kansu a aikin gwamnati, bai kamata a ɓoye wa yaro wannan ba. Amma mai burtsatsen da ta tsaya ba ya tambayar takarda, tambayarsa ita ce ko ruwa zai fito.

Wanda kuma bai samu damar makaranta ba, ya koyi aikin a wurin maigida, kada ya tsaya nan. Ma'aikatar ƙwadago ta tarayya na shirya gwajin sana'a hawa uku, daga na uku zuwa na ɗaya. Cibiyar NAPTIN, wadda aka kafa a 2009 don horar da ma'aikatan wuta, na da rassa a Kano da Kaduna da Kainji. Hukumar NEMSA kuma ita ke ba da shaidar ƙwarewa ga masu wayarin gidaje da ma'aikatu. A Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ma akwai cibiyar binciken makamashi da ta daɗe tana aiki a kan hasken rana.

Ina amfanin lissafin?

Yara kan ce, ni da zan ja waya me ya haɗa ni da lissafi? Ga misalin da za ki iya ba ɗanki. A ce gida na da ƙwan fitila 6 masu wat 10 da ake kunnawa awa 5, wannan ya ba da 300. Fanka 2 masu wat 60 na awa 8, ya ba da 960. Talabijin mai wat 80 na awa 4, ya ba da 320. Jimla 1,580 ke nan a dare ɗaya. Babban batir mai bolt 12 da ake rubuta wa 200 a jiki yana ɗaukar 2,400, amma irin mai ruwan nan ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, wato 1,200. Ashe batir ɗaya ba zai isa gidan ba, sai biyu. Wanda bai iya wannan lissafi ba zai sa ɗaya don a ce ya yi araha, batirin ya mutu tun bai shekara ba, maigida ya ce sola yaudara ce. Araha ba ta ado. Haka kuma sai wanda ya yi karatu ne zai gaya wa maigida cewa ƙurar hunturu da tsananin zafin bazara na rage ƙarfin farantin sola, don haka a riƙa goge shi, a kuma bar masa sarari a ƙasa iska na ratsawa.

'Ya mace fa?

Wata za ta ce ai wannan aikin maza ne. Hawa falwaya a tsakiyar rana wani yanki ne kawai na sana'ar. Gyaran inbata da fitilar sola da wayar hannu, da zana wayarin gida, da lissafin kayan da za a saya, da koyarwa a makaranta, duk a zaune ake yinsu, wasu ma a cikin ɗaki. Ki tuna kuma gidajenmu ba a shiga. Sau nawa soket ke lalacewa a ɗakin uwargida a yi kwanaki ana jiran maigida ya samu sukunin rako mai gyara? Mace mai wannan ilimi za ta yi sallama ta shige har ƙuryar ɗaki. A ƙasar Indiya akwai wata makaranta a ƙauyen Tiloniya da ta yi suna wajen ɗauko matan karkara, wasunsu kakanni waɗanda ba su taɓa shiga aji ba, daga ƙasashe da dama har da na Afirka, ta koya musu haɗa fitilar sola da gyaranta cikin wata shida. Idan kaka ta iya, yarinyar da ke cin lissafi a aji ba za ta kasa ba. Abin da ake buƙata shi ne a yi maganar karatun tun wajen neman aure, a samu amincewar miji a gaban waliyyai, don kada a zo tsakiya abu ya tsaya.

Aikin da ke wuyanki

Da farko ki lura da yaranki. Wanda ke kwance tocila da tsohuwar rediyo, yana haɗa ƙwai da batir a cikin kwali, kada a bi shi da duka a ce mai ɓarna ne. A ba shi matattun kaya ya yi ta gwaji, amma a ja masa kunne sosai cewa ba ruwansa da soket da wayar gida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sannan ki riƙa duba sakamakonsa na lissafi kowane zangon karatu. Ko ba ki yi boko ba, kin san bambancin 30 da 70. Idan ya yi ƙasa, a nemo ɗalibin da ke gaba da shi a unguwa ya riƙa yi masa bita. Lokacin hutu kuma a haɗa shi da mai aikin wuta wanda aka yarda da hankalinsa da amanarsa, domin takarda ba hannu kamar rijiya ce ba guga.

Ki adana takardu. Takardar haihuwa, da ta shaidar ƙaramar hukuma, da sakamakon jarrabawa, da lambar NIN wadda tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da ita. Ki sa su cikin leda wuri guda inda hannu zai kai da sauri, a kuma ɗauki hotonsu a waya a tura wa wani ɗan'uwa a birni. Gidaje da yawa da suka yi gudun hijira sun tsira da rai amma karatun 'ya'yansu ya tsaya saboda takarda.

Batun kuɗi kuwa, a fara tanadi da wuri. Zubin adashe ɗaya ko tunkiya ɗaya da aka ware da sunan karatun yaro na rage nauyi ranar rajista. Tun 2024 gwamnatin tarayya ta buɗe asusun ba ɗalibai rance na NELFUND, wanda babu ruwa a cikinsa, kuma ɗaliban foliteknik na gwamnati na cikin masu nema. A tuntuɓi hukumar ba da tallafin karatu ta jiha ita ma. Kayan aikin farko, wato tasta da filaya da sukudireba da mitar gwajin wuta da takalmin roba, ana iya tara su ɗaya bayan ɗaya.

Na ƙarshe, kuma mafi girma, ita ce tarbiyya. Mai aikin wuta ana buɗe masa ɗakin da ba a buɗe wa kowa. Ki koya masa kame ido da kame hannu. Ki gaya masa karɓar kuɗin waya mai kauri a sa siririya ha'inci ne, kuma idan rai ya salwanta ta dalilin haka yana da alhaki. Zagaye mita da satar wuta haramun ne, laifi ne kuma a dokar ƙasa, komai kuɗin da aka yi masa tayi. Ya saba da kashe wuta ya gwada kafin ya taɓa, kada ya yi aiki da jiƙaƙƙen hannu, kada ya kusanci manyan wayoyin kan titi da tsanin ƙarfe. Ke ma uwargida ki riƙe wannan: idan wuta ta ja mutum ba a kama shi da hannu, a kashe ta daga tushe ko a ture shi da busasshen icce, sannan a garzaya da shi asibiti ko da ya ce ya warware.

'Yar'uwa, idan kina da yaro a aji uku na ƙaramar sakandare, kada wannan zango ya ƙare ba ku zauna da shi da mahaifinsa kun yi wannan magana ba. Mai tambaya ko ƙarin bayani ta rubuto mana kamar yadda aka saba. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba su sana'a mai albarka, Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar Gobir da sauran ƙasashenmu baki ɗaya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba idan Allah Ya kai mu.